Wargi Wuri Gare Shi: Tsoro da Dariya Daga Dandalin Maraɗi Zuwa Allon Silima

A shekarar 1948 kamfanin Universal na Amurka ya fitar da fim mai suna Abbott and Costello Meet Frankenstein, wanda har yau masana tarihin silima suke sa shi a sahun gaba cikin finafinan da ke haɗa ban tsoro da ban dariya. Labarinsa ba shi da wuyar bi. Wasu masu ɗaukar kaya su biyu, ɗaya siriri mai taurin kai, ɗaya gajere mai ƙiba kuma matsoraci, aka ba su manyan akwatuna biyu su kai wani gidan nuna abubuwan ban tsoro. Ashe a cikin ɗaya Dracula ne kwance, mai shan jinin mutane, a ɗayan kuma dodon nan ne da likita Frankenstein ya harhaɗa da sassan gawawwaki. Duk sa'ad da murfin akwatin ya ɗaga, gajeren kaɗai ke gani. Murya ta sarƙe masa, ya kasa ko kiran sunan abokinsa, kafin abokin ya iso murfi ya rufe, sai ya hau shi da faɗa. Abin lura shi ne, Bela Lugosi da ya fito a Dracula, da Lon Chaney ƙarami da ya fito a mutumin da ke rikiɗa kyarkeci, da Glenn Strange da ya fito a dodon, duk sun ɗaure fuska kamar yadda suka saba a finafinan tsoro na gaske. Dariyar gaba ɗaya a kan Lou Costello take sauka, shi da rawar jikinsa. Wannan dabara, a ganina, ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa. Mutanen Maraɗi da Tibiri da Jiratawa sun san ta tun majigi bai zo ba, kuma sun san wani abu game da ita wanda ya kuɓuce wa Amurkawa, wato cewa abin tsoro hawa-hawa ne, kowane hawa da gwargwadon wargin da zai iya ɗauka.

Kafin a zo gida, ya kamata a ga yadda abin ya tashi a can da yadda ya faɗi. Tun zamanin finafinan da ba su da murya, a 1927, Paul Leni ya shirya The Cat and the Canary: an tara magada da tsakar dare a wani tsohon gida don a karanta musu wasiyyar wani attajiri, hannu na fitowa daga bango, mutane na ɓacewa, a ƙarshe ta bayyana cewa wani ɗan dangi ne ke neman haukata magajiyar don dukiya ta dawo hannunsa. An sake yin fim ɗin a 1939 da Bob Hope, ya karɓu ƙwarai, aka biyo shi da The Ghost Breakers a 1940, su Abbott da Costello suka yi Hold That Ghost a 1941, Frank Capra kuma ya yi Arsenic and Old Lace da ya fito a 1944, labarin tsofaffin mata biyu masu fara'a da ke ba wa tsofaffin maza guba suna binne su a ƙarƙashin gida. A yawancin waɗannan, fatalwar ƙarya ce, mai kwaɗayin gado ne ya lulluɓe da farin ƙyalle. Dokar tace finafinai da aka tsananta a 1934 ta rage wa masu fim ɗin tsoro abin da za su iya nunawa, shekarun yaƙin duniya na biyu kuma sun sa jama'a na neman abin da zai sassauta musu zuciya. Amma babban dalilin da ya sa haɗin ya yi sauƙi shi ne, babu mai sayen tikiti a Chicago da ya yarda cewa Dracula zai biyo shi gida. Shi ya sa dodannin da suka firgita mutane a 1931 suka yi ta sauka mataki-mataki, har zuwa 1955 da su Abbott suka gamu da tsohuwar gawar Masar da aka naɗe a Meet the Mummy, inda aka rufe babin. Ido wa ka raina, wanda kake gani yau da gobe. Cikin shekara ashirin da ƴan kai, dariya ta cinye tsoron ƙurmus, dodannin suka koma kayan wasan yara.

A kwarin Gulbin Maraɗi ba haka abin ya kasance ba, kuma dalilin yana cikin tarihin kafuwar garuruwan. Bayan da mayaƙan jihadi suka ci Katsina a wajajen 1807, zuriyar sarakunan Haɓe sun yi ta yawo har Ɗan Kasawa ya zauna a Maraɗi wajen 1819. Bayan yaƙin Gawakuke na 1836, inda rundunar Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ta kashe Sarkin Gobir Ali da Sarkin Maraɗi Rauda, Sarkin Gobir Mayaƙi ya tattara Gobirawa ya kafa Tibiri, tazarar kilomita goma da ɗoriya daga Maraɗi. Waɗannan fadoji biyu na Musulmi ne, amma da yake sun kafu ne kan ƙin bin Sakkwato, sun riƙe tsofaffin al'adun da aka danne a Kano da Katsina. A Maraɗi akwai sarautar Iya, a Tibiri akwai ta Inna, mata ne ƴan gidan sarauta waɗanda shugabancin ƴan bori ke hannunsu. A ƙauyukan kwarin, irin su Jiratawa, anna sun ci gaba da yanka wa iskokin gidajensu har cikin ƙarni na ashirin, kamar yadda Guy Nicolas ya tarar ya rubuta, Jacqueline Monfouga-Nicolas kuma ta wallafa littafi sukutum kan borin Maraɗi a 1972. Ko da ambaliyar 1945 ta cinye tsohon garin Maraɗi da ke cikin kwari aka komo tudu, aka shata tituna miƙaƙƙu, har daga baya unguwanni irin su Zariya suka tsiro, mutanen sun hau tudun ne da abin da suka yi imani da shi. Ga mai kallo na irin wannan gari, aljani maƙwabci ne da ba a gani, yana da kuka ko tsamiyar da yake zama, yana da lokacin da ba a ratsa hanyarsa.

Duk da haka, a mataki na ƙasa, Bahaushe ya ajiye wa kansa wani abin tsoro da zai yi wa dariya son ransa, shi ne Dodon tatsuniya. Wanda ya duba tatsuniyoyin da Frank Edgar ya tara ya buga tsakanin 1911 da 1913, ko waɗanda Tremearne da Rattray suka fitar a 1913, ko na Ibrahim Yaro Yahaya na 1971, zai ga siffa guda tana maimaita kanta. Dodo ƙato ne, mai gashi, mai ruri, yana haɗiye mutum da saniya, yana tare rijiya ko mashigi, yana rikiɗa ya zama kyakkyawan saurayi ya aure yarinyar da ta raina samarin garinsu. Amma wawa ne. Karnuka na korarsa, Gizo na damfararsa, Auta, wanda ko kaciya bai daɗe da warkewa ba, yana gasa duwatsu ya jefa masa a baki ya kashe shi alhali jarumawan sarki na ɓoye a ɗaka. Tsohuwar da ke ba da labarin ta san aikinta sarai: za ta kumbura murya ta yi rurin Dodo har ƙananan yara su maƙale a jikin yayyensu, sa'an nan ta karya harshe ta yi tsamin bakin Gizo, wuri ya kaure da dariya. Wannan shi ne ainihin aikin da Charles Barton, daraktan fim ɗin su Abbott, ya yi da kyamara a 1948, a ɗaure ciki sannan a sake shi, sai dai ita tana yi ne da murya a tsakar gida bayan sallar lisha. Kuma a lura, ko a nan rabin dariyar ba ta Dodo ba ce, ta masu cika baki ce, waɗanda da gari ya waye kowa ke cewa shi ya kashe shi, har sai an gwada takalmin da aka tsinta a wurin. Marubutan farko na boko sun gaji wannan salo. Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da ya fito a 1934, yana kai mai karatu ƙasar aljanu, amma abin da ke zama a ƙwaƙwalwa shi ne damfara da ramuwar gayya tsakanin Alhaji da Malam Zurƙe.

Daga tsakar gida abin ya fito titi. Tashen watan azumi, da ake farawa idan wata ya kwana goma, cike yake da shigar ban tsoro: yaro ya shafa gawayi da toka, ya ɗaura tsumma da gashin akuya, a sa masa igiya a ƙugu ana ja, yana kai wa mata da yara bara, su watse da ihu su dawo suna kyakyatawa, a kawo hatsi ko ƴan kuɗi. Fatake Hausawa sun kai wannan wasa har ƙasar Mosi, inda har gobe yaran Wagadugu ke sa fuskokin dabbobi a watan azumi suna kiran wasan Dodo. A ranakun kasuwa kuma akwai gardawa masu wasa da kura da maciji da biri. A nan hatsarin na gaske ne, kurar tana da haƙora, amma gardi ba ya tara jama'a da tsoro kaɗai. Sai ya saki sarƙa kaɗan, kura ta yi wajen wani ƙato mai rawani, ƙaton ya zubar da girma ya ruga, kasuwa ta ɗauki shewa. Ba wanda ya yi wa kurar dariya.

Inda al'amarin ya fi zurfi, kuma ya fi bukatar a taka a hankali, shi ne wasan bori. Wanda bai taɓa tsayawa a gefen fage ba yakan ɗauka cewa abin duk firgici ne, faɗuwa da kumfar baki da jifa da gindi a ƙasa. Akwai wannan, amma akwai raha mai yawa. Idan masu goge ko garaya suka kama taken Malam Alhaji, dokinsa, wato mutumin da iskan ya hau, zai duƙa ya zama tsoho mai tari, yana jan tasbaha yana rawar hannu. Ɗan Galadima ɗan sarki ne mai ado da turare da caca, mai kyautar da ba ta da lissafi, mata na tsokanarsa yana amsawa. Kuturu yana naɗe yatsu, yana magana ta hanci, yana korar ƙuda, yana roƙo da zagi a lokaci guda, jama'a na dariya, alhali kowa ya san cewa a ganin masu abin babban iska ne da ba a saɓa masa. Akwai Bagwariya da gurɓatacciyar Hausarta, akwai Bebe da alamunsa. Duk wani rukunin mutane da ke zaune a gari yana da takwaransa a cikin iskoki, kuma ana kwaikwayonsa da ƙari. Amma a bar mai goge ya juya zuwa taken Doguwa, wadda ake jingina wa shanyewar hannu da ƙafa, wadda mutanen kwarin ke sakaya sunanta saboda tsoro, nan take fuskoki za su canja. Ba wanda ya rubuta wannan doka, ba wanda ke shelanta ta, amma yarinya ƴar shekara goma a Tibiri ta san wa ake tsokana, wa ake sunkuyar wa da kai. Wannan ilimi na sanin gwargwado shi ne abin da nake cewa Hollywood ba ta da shi. Ita dodanninta duk a mataki ɗaya suke, da aka yi wa ɗaya dariya sai duk suka zube tare.

Zuwan Nasara ya ƙara wa wannan jeri sababbin baƙi, kuma a nan ne kyamara ta fara shiga tsakani. A wajajen 1925, a ƙasar Filinge, wasu iskoki suka ɓulla a kan wata mata mai suna Shibo da mabiyanta, waɗanda Hausawan yankin ke kira Babule, Zabarmawa kuma Hauka. Iskokin Turawan mulki ne: Gwamna, Kwamandan Mugu, Kafaran, matar likita. Dawakinsu na fareti, suna sara wa juna, suna ba da oda da Faransancin da ba Faransanci ba, suna wasa da wuta a jikinsu. Kwamandan Croccichia ya kama su ya kulle, abin mamaki sai shi kansa ya zama ɗaya daga cikin iskokin. Ga tsoro ga dariya a wuri guda, talaka ya ɗauki abin da ya fi firgita shi ya sa a jikinsa yana kwaikwayo. A 1954 Jean Rouch ya ɗauki bikin ƴan ci-ranin Nijar masu wannan iska a bayan birnin Ankara ta Gwalkwas, ya fitar da Les Maîtres fous. Hukumar Ingila ta hana nuna shi a can don ta gane da ita ake, ɗaliban Afirka a Faris kuma suka fusata don sun ga an nuna baƙar fata yana kumfa yana cin kare. Daga baya mai shirya fim Sembène Ousmane ya zargi Rouch da kallon ƴan Afirka kamar ƙwari. Kowane ɓangare ya ga rabi ne. Da aka cire wasan daga fagensa aka kai shi gaban waɗanda ba su san matakan ba, sai wasu suka ga tsoro tsantsa, wasu suka ga abin kunya tsantsa.

Gidajen silima da kansu sun iso ƙasar Hausa da wuri. Rex ta buɗe a Kano a 1937, Palace a 1952, kuma a ɓangaren Faransa kamfanoni biyu, COMACICO da SECMA, su ne suka riƙe rarraba finafinai shekaru da dama. Abin da ya cika allon filayen nan marasa rufi shi ne kaboyi, da finafinan Masar, da na Indiya, daga baya na ƴan Sin masu faɗa. Na Indiya ne suka fi shiga rai, kuma ba don waƙa da soyayya kawai ba. Mahal na 1949, da Madhumati na 1958, da Bees Saal Baad na 1962, labarai ne na tsohon gida da muryar mace da ke waƙa cikin dare, kuma a irin waɗannan finafinai sau da yawa akwai bara ko ɗan sanda ko mashayi da aikinsa shi ne rawar jiki. Johnny Walker ya yi wannan a Madhumati, Mehmood kuma ya gina Bhoot Bungla na 1965 gaba ɗaya a kansa. Baʼindiye, kamar Bahaushe, yana fim ne ga mutanen da ba su gama sallamar gaibu ba, shi ya sa yakan raba aiki biyu, ruhin ya riƙe kwarjininsa, baran ya ɗauki dariya.

Masu fim na Nijar, da suka karɓi kyamara, sun bi matakan nan ba tare da wani ya tsara musu ba, kuma wannan ita ce hujjar da ta fi ƙarfi a wurina. Mustafa Alasan mutum ne mai barkwanci ƙwarai, shi ya yi wa samari masu kwaikwayon kaboyi dariya a Le Retour d'un aventurier a 1966, ya kuma mai da shugabannin ƙasa kwaɗi a zanensa mai motsi Bon voyage Sim. Amma da ya zo kan Toula a 1973, labarin da ya samo daga Bubu Hama na budurwar da aka bayar ga iskan ruwa don a samu damina, a daidai lokacin da fari ke kashe dabbobi da mutane a Sahel, bai sa wargi a kan iskan ba. Umaru Ganda, wanda Le Wazzou polygame nasa ya ci babbar kyautar FESPACO ta farko a 1972, ya yi Saïtane a kan malamin tsibbu da ke fakewa da asiri yana haɗa attajiri da matar aure. A nan ya saki hannu, domin wanda ake tonawa mutum ne mai cin amanar tsoron jama'a. Sai kuma Cocorico Monsieur Poulet na 1974, wanda Damure Zika da Lam Ibrahim Dia da Tallu Muzuran suka ƙirƙira tare da Rouch, wanda a ganina shi ne fim ɗin Nijar da ya fi cancanta a jera shi da na su Abbott. Mutum uku ne a wata kwararrabar mota suka shiga daji sayen kaji, suka yi ta gamuwa da wata aljana mafarauciya, suka yi ta wahalar ƙetare kogin Kwara, har da kwance motar gunduwa-gunduwa. Ana dariya tun daga farko har ƙarshe, amma gardamarsu da tsoronsu da dabarunsu na banza ake yi wa. Ba a taɓa cire wa aljanar lulluɓi an ce ga ɗan dangi mai neman gado ba. Yadda ta shigo da asirinta haka ta fita da shi.

Da kaset ɗin bidiyo ya zo, bayan Turmin Danya na 1990, hanyar Kano zuwa Katsina zuwa Jibiya zuwa Ɗan Isa ta zama hanyar finafinai, Maraɗi kuma ta zama babbar kasuwarsu a Nijar. Gidajen silima suka mutu ɗaya bayan ɗaya, gidajen kallo na zana da benci suka maye gurbinsu a unguwanni, kafin wayar hannu ta zo ta kwashe su su ma. A cikin finafinan barkwanci masu arha da ake kira camama, waɗanda marigayi Rabilu Musa Ibro ya zama sarkinsu har rasuwarsa a watan Disamba na 2014, tsohon tsarin ya dawo da sabuwar riga. Ga boka da jan ƙyalle da ƙaho da dariyar ƙarya, wanda ke fara gudu in abin da yake kira ya amsa. Ga wanda ya yi mutuwar ƙarya don gudun bashi, ya tashi cikin likkafani masu makoki su tarwatse. Ga mai gadin da ya sha alwashin kwana a kangon gida. Idan kuwa fim ɗin Hausa ya zo nuna aljani ya shiga mace da gaske, sai kiɗa ya canja, a kira malami ya yi ruƙiyya, ba mai wargi a wurin. Masu fassara finafinan Indiya da Hausa, irin su Algaita, su ma in ka saurara za ka ji a bakin matsoracin suke zuba karin maganarsu.

Za a ce duk wannan kwaikwayo ne, Kano ta ɗauko daga Bombay, Bombay ta ɗauko daga Hollywood. Akwai gaskiya a ciki ta fuskar sana'a: ƙarar ƙofa, da kiɗan da ke tashi kwatsam, da kyamarar da ke leƙowa ta bayan kafaɗa, duk aro ne. Amma tatsuniyoyin Edgar sun riga The Cat and the Canary fitowa da shekara goma sha huɗu ko fiye, kuma tsofaffi ne tun kafin a rubuta su. Wanda ya ari tukunya ba shi ya ari miyar ba. Za a kuma ce bori ibada ce ga masu yinsa, magani ne ga marar lafiya da aka yi wa girka, bai dace a jera shi da fim ɗin nishaɗi ba. Na karɓi wannan, kuma ban ce ɗan bori ɗan wasan kwaikwayo ne ba. Abin da nake magana a kai shi ne ƴan kallo, waɗanda yawancinsu ba ƴan bori ba ne, waɗanda a gefen wannan fage suka koyi yadda ake riƙe tsoro da dariya a zama ɗaya, suka tafi da wannan tarbiyya gaban allo.

Suka mafi nauyi ta malamai ce. Aljanu gaskiya ne, Alƙur'ani ya ambace su, akwai sura guda da sunansu, kuma sihiri da zuwa wurin boka manyan laifuka ne. Mai wa'azi zai ce wasa da waɗannan abubuwa na rage musu nauyi a zukata, ko kuma yana tallata bokanci. Wannan magana tana da ƙarfi a Maraɗi fiye da wurare da yawa, garin da Izala, wadda aka kafa a Jos a 1978, ta yi saiwa a cikin ƴan kasuwa da matasa, garin da a tarzomar watan Nuwamba na 2000, ta ƙin bikin nuna tufafi na FIMA, masu zanga-zanga suka kai hari har gidan Iya. Amsata ita ce a dubi wanda ke shan kunya a ƙarshen waɗannan labarai. Boka ne, da wanda ya kai masa kuɗi, da mai cika bakin da ba ya addu'a sai ya ga uwar bari. Mutumin da ya yi dariyar bokan ƙarya a allo ya fi wuyar damfaruwa gobe idan aka ce ya kawo baƙin bunsuru da jikka hamsin. A shekarun nan da ƴan mata ke faɗuwa a makarantun Nijar ana cewa aljani ya shiga aji, kowa ya ga yadda firgici ke yaɗuwa daga benci zuwa benci, da yadda masu neman abin duniya ke cin kasuwarsu a kai. Al'ummar da ta iya rarrabe abin da ya cancanci tsoro da wanda ya cancanci dariya ta fi ƙarfin irin wannan guguwa, kuma wannan rarrabewar ba ta saɓa wa tauhidi.

Sukar da ba ni da cikakkiyar amsarta, wadda kuma nake ganin ta fi cancantar damuwarmu, ita ce ta wanda ake zaɓa ya zama matsoracin. A Amurka sau da yawa baƙar fata ne. Willie Best a The Ghost Breakers, da Mantan Moreland a King of the Zombies na 1941, gwanaye ne na gaske, sau da yawa sun fi taurarin fim ɗin iya wasa, amma rawar da aka ba su ita ce ta bara mai zare ido, kuma dariyar da aka yi musu ta taimaka wajen tabbatar da raini ga jinsinsu duka. Mu ma muna da namu. A camama, wawan da ke firgita kusan kullum baƙauye ne, ko Bafillace, ko Bagwari, bokan kuma ana yi masa shigar anna da harshensu, kamar duk wanda kakansa ya yi tsafi a Jiratawa macuci ne. Wasan barkwanci tsakanin Gobirawa da Yarabawa, ko Katsinawa da Gobirawa, ko Fulani da Barebari, yana da daɗi ne domin kowa na ramawa. A allo ba a ramawa, wanda ya riƙe kyamara shi ke da bakin magana. A nan ƙa'idar gwargwado da kakanni suka kiyaye game da iskoki, mu mun kasa kiyaye ta game da ƴan'uwanmu mutane.

Abin da ya rage shi ne aiki, kuma lokaci na ƙurewa. Waɗanda suka juya injin majigi a silimun Maraɗi, da masu yanka tikiti, da masu gidajen kallo na farko a Zariya da sauran unguwanni, da tsofaffin masu goge na fadar Inna a Tibiri, yawancinsu sun manyanta. Ɗaliban Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo suna da rakoda a aljihunsu, su je su zauna da su, su tambaye su wane fim ne ya sa fili ya watse, wane ne ya sa aka nemi a maimaita, wace tatsuniyar Dodo ake yi a kwari kafin ambaliya. Matasan Maraɗi masu shirya finafinai a waya kuma su nemi Cocorico Monsieur Poulet da Saïtane su kalla kafin su sake kwafo wani na waje, sa'an nan in za su zaɓi matsoracin labarinsu, su gwada ɗora rawar a kan ɗan birni mai takarda ko Alhaji mai mota, su ƙyale baƙauye ya huta.